Musayar Bakan Itace: Cinikin da Amana Ce Jarinsa

A shekarar 1811 wani masanin tsirrai ɗan Birtaniya mai suna John Bradbury ya bi kogin Misuri, ya haura can cikin ƙasar da a yau take tsakiyar Amurka. Cikin abubuwan da ya rubuta game da ƙabilun asalin ƙasar da ya tarar har da farashin baka: mai son baka na ƙwarai, na itacen da ake kira oseji, sai ya ba da doki guda ya ɗora bargo a kai. Itacen nan kuwa ba ya tsirowa a yankinsu. Asalinsa can kudu ne, wajen jihohin Teksas da Oklahoma da Arkansas na yanzu, sai ya yi ta bin hannu, wannan ƙabila ta miƙa wa waccan, har ya isa inda ba a taɓa ganin ganyensa ba.

Yau shekara ɗari biyu da ɗoriya ke nan. Bindiga ta kori baka daga fagen fama tuntuni, kamfanoni kuma suna ƙera bakunan zamani da ƙarfe da zaren gilas da ƙananan tayoyi, waɗanda ko yaro ya koya zai iya saita su. Amma har gobe akwai mutane a Amurka da Turai da suka zaɓi su koma ga itace zalla. Cikinsu akwai malamin makaranta, akwai bakanike, akwai tsohon soja da likita da manomi. Da rana kowa na bakin aikinsa, da yamma ko ƙarshen mako sai ya shiga rumfar bayan gida ya hau sassaƙa. Abin da ya ja hankalina a lamarinsu shi ne yadda bakunan nan suke fita daga hannu zuwa hannu. Da yawansu ba a sayar da su. Musaya ake yi: ka sassaƙa wa wani, wani ya sassaƙa maka, ko ka ba da baka ka karɓi ɗanyen itace, ko kibau, ko wuƙa. Ra'ayina shi ne wannan hanya ta fi dacewa da bakan itace fiye da saye da sayarwa, kuma ita ce ta raya sana'ar bayan ta kusa mutuwa. Sai dai tana da sharuɗɗa, in aka sake su to za ta lalace.

Kafin a gane dalili, sai an san wahalar da ke cikin baka guda. Mutum zai sare bishiya, ya tsaga gungumen gida huɗu ko shida, ya shafe bakin kowane tsagi da gam ko kakin zuma don kada ya bushe da gaggawa ya tsattsage, ya jingine shi a inuwa shekara guda ko biyu, yana dubawa kada ƙwaro ya shige shi. In oseji ne, sai ya ɓare ɓawon, ya cire farin itacen da ke ƙarƙashinsa, ya shiga neman zoben shekara guda ɗaya, wato layin nan da bishiya ke ƙarawa duk shekara, ya bi shi da wuƙa mai mariƙi biyu tun daga wannan baki har wancan, tsawon kusan ƙafa shida, ba tare da ya yanke shi ko sau ɗaya ba. Wannan fuska ita ce bayan baka, ita ke miƙewa idan an ja. Yanka ɗaya a nan ya isa ya zama mafarin karaya. Cikin baka kuwa, fuskar da ke kallon maharbi, matsewa take yi, kuma daga nan ake rage itace.

Rage itacen nan shi ne zuciyar aikin. Masassaƙi zai ɗora bakan a kan wani turke da ya kafa a bango, ya maƙala igiya da ma'auni a tsirkiya, ya ja da baya ya ja igiyar kaɗan, ya zuba ido. Ina ne ya lanƙwasa, ina ne ya ƙi? Sai ya sauke, ya yi wa wurin da ya ƙi alama da fensir, ya kankare shi sau goma ko ashirin da makankari, ya sake ɗorawa, ya ja sau da yawa don itacen ya saba, ya sake dubawa. Haka zai yi ta yi, inci bayan inci, har hannun sama da na ƙasa su yi lanƙwasa mai santsi wadda kowane ɗan taƙi na itacen ya ɗauki rabonsa na nauyi. In ya yi garaje ya kankare wuri ɗaya fiye da kima, sai wurin ya yi gwiwa, duk nauyin ya taru a kansa, kuma abin da aka kankare ba ya komawa. Ko dai ya rage sauran jikin bakan duka ya sami baka mai rauni, ko ya jefa shi a murhu. Babu masassaƙin da bai karya baka ba. Tsofaffin masana harbi na Ingila sun daɗe suna cewa bakan da aka ja shi har ƙarshe, saura ƙiris ne ya karye, kuma gaskiya suka faɗa: ƙarfinsa da halakarsa a wuri ɗaya suke zaune.

To, yaya za a yi wa irin wannan abu farashi? In aka lissafa ranakun da mutum ya ɓata, da shekarun jiran itace ya bushe, da bakunan da suka karye kafin wannan ya tsaya, kuɗin zai haura abin da yawancin masu sha'awar za su iya biya. Bakan mashahuran masassaƙa yakan kai ɗaruruwan daloli, wani ya haura dubu. In kuma aka yi masa farashin kasuwa, aka jera shi kusa da bakan kamfani, mai shi ya yi asara. Ga wata matsala da ta fi wannan: mai sayarwa ba zai iya ba da tabbacin da kamfani ke bayarwa ba. Itace ne. Akwai wanda zai yi shekara ashirin ana harbi da shi, akwai wanda zai fashe a wata na biyu saboda wani ƙulli da ke ɓoye can ciki wanda ido bai gani ba. Wanda ya biya kuɗi yana jin yana da haƙƙin abin da ba zai lalace ba. Wanda ya karɓa ta hanyar musaya kuwa, shi ma masassaƙi ne, ya san halin itace, ya san kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Shi ya sa na ce musaya ta fi dacewa da shi: tana sa kaya a hannun wanda ya san darajarsa kuma ya san iyakarsa.

Musayar tana da siga iri-iri, amma biyu sun fi shahara. Ta farko ana yin ta ne a tarukan shekara-shekara, irin wanda ake yi a Oklahoma da bazara da wanda ake yi a Misuri a tsakiyar shekara, inda mutane ke kafa tantuna su kwana biyu ko uku suna sassaƙa tare, gwani na nuna wa ɗan koyo. Da yamma sai a shimfiɗa bargo a ƙasa, a zauna a kewaye shi. Wani zai ajiye kayansa a tsakiya, a ce baka ne ko tsagin itace. Duk mai so sai ya ajiye nasa a gefe: wannan ya sa jijiyar barewa busasshiya, wancan ya sa damin gashin talo-talo na yi wa kibiya fiffike, wani ya sa kan kibiya da ya fasa daga dutse, wani fatar maciji da ake lulluɓe bayan baka da ita, wani kwari na fata. Mai kaya zai duba, ya ɗaga wannan ya juya wancan, in ya ga wanda ya kwanta masa ya ɗauka a yi musabaha, in bai gani ba ya janye kayansa, ba wanda zai ji haushi. Sai a matsa ga na kusa da shi.

Ta biyu ta fi ban sha'awa, kuma ta fi haɗari. Mutane da dama, waɗanda wataƙila ba su taɓa haɗuwa ido da ido ba, za su ba da sunayensu ga mutum guda mai shirya abin. Kowa zai faɗi nauyin jan da yake iyawa, da tsawon jansa, da ko shi bahago ne. Sai a yi ƙuri'a. Kai za ka sassaƙa wa wane, wani dabam kuma zai sassaƙa maka, sau da yawa ma ba za ka san ko wane ne ba sai ranar da kaya ya iso. A sa wa'adi na wasu watanni. In lokaci ya yi, a naɗe baka da tsumma, a zura shi cikin bututun roba irin na ruwan famfo, a toshe bakin biyu, a kai gidan waya. Abin ya yi kama da adashi: kowa na zubi ba tare da ya riƙe jinginar kowa ba, kuma mutum ɗaya in ya kwashi nasa ya ƙi zubawa, ya ɓata wa kowa. Hakan kuwa yana faruwa. Akan sami wanda ya karɓi baka ya yi shiru, ko wanda rashin lafiya ko rashin aiki ya hana shi cika alkawari. Abin da yakan ceci tsarin shi ne wani daga cikin dattawan sana'ar ya ɗauki nauyi ya sassaƙa baka na biyu don kada wani ya tashi hannu rabbana. Wanda ya ci amana kuwa ba kotu ake kai shi ba. Sunansa ne ke zagayawa, kuma a cikin jama'a ƙanƙanuwa irin wannan, wanda sunansa ya ɓaci ya gama.

A jikin kowane baka, kusa da mariƙi, masassaƙi yakan rubuta sunansa da lambobi biyu, misali laba 50 a inci 28. Ma'anarsa, in aka ja tsirkiya inci 28, nauyin da hannu zai ji laba 50 ne. Wannan ɗan rubutu shi ne yarjejeniyar da ke tsakanin mutum biyu. Mai sassaƙa yana cewa na gwada shi har nan, na harba ɗaruruwan kibau da shi kafin in aiko maka. Mai karɓa kuma ya ɗauki alkawarin ba zai wuce nan ba. Ba zai miƙa wa abokinsa mai dogon hannu ya ja shi inci 31 ba, domin kowane inci da aka ƙara yana ƙara laba biyu zuwa uku, kuma itacen bai taɓa zuwa can ba. Ba zai saki tsirkiya babu kibiya ba, don ƙarfin da ya kamata ya tafi da kibiya zai koma jikin bakan. Ba zai bar shi a ɗaure kwana da kwanaki ba, ba zai bar shi cikin mota a rana ba. Har yanayin gari yana da nasa hukunci: itacen hikori yana son busasshiyar ƙasa, in aka kai shi inda laima ta yi yawa sai ya sha danshi ya yi sanyin jiki, wasu itatuwan kuma in suka bushe fiye da kima sai su yi gautsi. Saboda haka in baka ya karye, tambayar laifin wa ba ta da amsa mai sauƙi. Babu shaida sai maganar mutum biyu.

Nan ne nake ganin sharaɗi na farko, wanda ba na yi masa sassauci: a faɗi aibi. Akwai ɓaraka da ake iya ɓoyewa a bakan itace. Ɗan tsagi ya ɗaga a baya, a manne shi da gam a naɗe da zare kamar ado. Ƙananan layukan matsewa su fito a ciki, a goge su a shafa fenti mai duhu. Fatar macijin nan da ke ƙawata baka tana iya rufe zoben da aka yanke. Gyara ba laifi ba ne, bakuna da yawa da aka yi wa gyara sun yi shekaru suna aiki. Laifin shi ne a yi shiru. Bakan da ya fashe a cikakken ja yana iya dukan mutum a ka ko a ido. Duk wanda ya zauna gaban malam ya karanta babin ciniki a Risala ko Askari ya san hukuncin nan tun yana yaro: ɓoye aibin kaya haramun ne, kuma wanda aka ɓoye wa yana da damar mayarwa. Mutanen nan ba daga littattafanmu suka koya ba, itacen ne ya tilasta musu, amma inda suka tsaya nan malamanmu suka tsaya. Masassaƙan kirki a cikinsu sukan haɗa baka da 'yar wasiƙa: ga inda na sami matsala, ga yadda na gyara, in ya ba ka tsoro ka faɗa mini in yi maka wani.

Akwai masu sukar musayar ƙuri'a da cewa babu adalci a cikinta. Gwanin da ya shekara talatin yana sassaƙa zai aika da baka kamar a rataye a gidan tarihi, shi kuma ya karɓi na ɗan koyo mai karkataccen hannu. In da ciniki ne, an cuce shi. Ni ina ganin wannan rashin daidaiton shi ne amfanin abin gaba ɗaya. Ɗan koyon da ya riƙe bakan gwani a hannunsa, ya shafa kaurinsa daga mariƙi zuwa baki, ya ga yadda aka siranta ƙarshensa, ya ji yadda yake sakin kibiya babu girgiza, ya koyi abin da hoto da littafi ba za su koya masa ba. Kuma sanin cewa bakansa zai faɗa hannun gwani yana sa shi ya yi aikin da ya fi ƙarfinsa na jiya. Gwanin ma ya san da haka ya shiga. Shi ma wani ne ya taɓa ba shi tsagin itace kyauta.

Tarihin sana'ar a Amurka ya nuna dalilin da ya sa suke riƙe da wannan ɗabi'a da hannu biyu. A watan Agusta na 1911 wani mutum ya fito daga daji kusa da garin Oroville a jihar Kalifoniya, yunwa ta gama da shi. Shi ne na ƙarshe da ya rage daga ƙabilar Yahi, wadda Turawa masu neman zinariya da masu kiwo suka karkashe. Aka sa masa suna Ishi, aka zaunar da shi a gidan tarihi na jami'ar Kalifoniya a San Faransisko har ya rasu da tarin fuka a 1916. Likitan da ke duba shi, Saxton Pope, ya koyi sassaƙa baka da yin kibiya da farauta a wurinsa, ya kuma rubuta littafi a kan farauta da baka a 1923. Daga wannan zumunci na mutum biyu farautar baka ta zamani ta samo tushe a Amurka. Amma bayan yaƙin duniya na biyu sai zaren gilas ya shigo, sannan a 1969 Holless Wilbur Allen ya sami rajistar bakan nan mai tayoyi. Cikin 'yan shekaru bakan itace zalla ya zama abin da tsofaffi ƙalilan kawai suka iya. Sai a ƙarshen shekarun 1980 wasu mutane irin su Jim Hamm da Paul Comstock da Tim Baker suka shiga tono ilimin, suna auna tsofaffin bakuna a gidajen tarihi, suna sassaƙawa suna karyawa suna rubuta sakamako. A 1992 suka fitar da juzu'in farko na kundin Traditional Bowyer's Bible. Babban abin da suka tabbatar shi ne ba sai da oseji ko itacen yu ake baka ba. Itatuwa gama-gari, har katakon da ake saya a shago in layinsa ya miƙe, suna yin baka mai kyau muddin aka faɗaɗa hannuwansa. Ashe mutanen da ma sun san haka: bakunan da aka tono a wata fadama a Holmegaard ta ƙasar Denmak, masu shekara wajen 9,000, na itacen elm ne, masu faɗin hannu.

Mutanen da suka ga ilimi ya kusa salwanta a cikin tsara ɗaya ba sa ɓoye shi. Wannan ne ya sa musayar baka take tafe da musayar sani.

Ba na cewa sayarwa aibi ce. Akwai masu cin abinci da wannan sana'a, kuma haƙƙinsu ne. A Amurka ma wanda ya shiga ƙera baka don sayarwa akwai harajin kashi 11 cikin ɗari a kan duk bakan da nauyin jansa ya kai laba 30, kuɗin kuma yana tafiya ne ga kula da namun daji a ƙarƙashin wata doka ta 1937 da aka faɗaɗa ta haɗa da kayan harbin baka a 1972. Wannan tsari ne mai kyau. Abin da nake ƙi shi ne mutum ya shiga da'irar musaya da zuciyar ɗan kasuwa: ya karɓi bakan da wani ya yi masa da sunansa, da awon hannunsa, bayan wata biyu a gan shi a kasuwa da farashi. Doka ba ta hana ba, tunda ya zama nasa. Amma ya mayar da kyauta haja, kuma gobe gwanin zai yi tunani sau biyu kafin ya sa sunansa a ƙuri'a. Haka nan masu tara bakuna don ado, su rataye a bango ba su taɓa ɗaura musu tsirkiya ba, suna tsadar da kayan ba tare da sun ƙara wa sana'ar komai ba.

Sharaɗi na biyu ya shafi gaskiya game da asali. Yawancin sigogin da ake kwaikwaya na ƙabilun asalin Amurka ne, mutanen da aka ƙwace wa ƙasa. Kwaikwayon aikinsu da ambaton sunansu girmamawa ne. Sayar da baka da nuna cewa ɗan ƙabilar ne ya yi shi alhali ba haka ba ne zamba ce, kuma dokar Amurka ta 1990 ta haramta. Haka gashin gaggafa da shaho: dokokin kare tsuntsaye sun hana mallakarsu da cinikinsu, shi ya sa gashin talo-talo da na dinya ne ke kan bargon musaya.

Sharaɗi na uku shi ne itacen kansa, kuma a nan tarihin Ingila ya isa gargaɗi. Dogon bakan da Ingilishi suka ci yaƙin Crécy da shi a 1346 da na Agincourt a 1415 na itacen yu ne, mai farin baya da jan ciki, wanda Allah ya halitta da ɓangare mai jure miƙewa da ɓangare mai jure matsewa a jiki ɗaya. A 1363 Sarki Edward na Uku ya umarci maza su riƙa koyon harbi a ranakun hutu. Buƙata ta yi yawa har na gida ya kasa, aka koma shigo da shi daga Sifen da Italiya da duwatsun tsakiyar Turai. A 1472 aka yi doka cewa jiragen 'yan kasuwa masu kawo kaya Ingila sai sun haɗo da tsagin baka huɗu a kan kowane tan na kaya. Kafin shekara ɗari, yu na dazuzzukan kudancin Jamus da Ostiriya ya kusa ƙarewa, har a 1562 hukumar Bavariya ta roƙi sarkin daular da take ƙarƙashinta da ya hana saran. Jirgin yaƙin nan Mary Rose, da ya nutse a 1545 aka ciro shi a 1982, an sami bakuna fiye da 130 da kibau fiye da 3,500 a cikinsa, jirgi ɗaya tak. Yu bishiya ce mai jinkirin girma, wadda za ta ba da tsagi mai kyau ta girmi kakan mai saranta. Masu sha'awar yau ba su kai yawan da za su ƙarar da daji ba, kuma oseji ma ya yi yawa a Amurka tunda manoma sun dasa shi a matsayin shinge kafin zuwan waya mai ƙaya. Amma yu na yammacin Amurka, wanda aka riga aka yi wa ɓarna lokacin da ake ɓare ɓawonsa don haɗa maganin ciwon daji, bai kamata a mai da shi abin gasa ba. Mu ma mun ga irin wannan da idonmu a kan madobiya, yadda aka yi ta lodinta daga dazuzzukan Taraba da maƙwabta zuwa Sin, har a 2017 aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta taƙaita cinikinsu. Musaya a nan ma ta fi kuɗi ƙarancin ɓarna, domin mai musaya tsagi biyu ko uku yake nema, ɗan kasuwa kuwa mota yake son cikawa.

Mai karatu zai iya cewa, mu ina ruwanmu da wasan masu ƙoshi? Ruwanmu kuwa babba. A 1804 a Tabkin Kwatto, 'yan bakan jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne suka tsaya gaban dawakin Gobir masu lifidi suka yi nasara. Har yau akwai sarautar Sarkin Baka a garuruwanmu, akwai maharba da ke fita da baka da kwari, kuma a shekarun nan mun ga wasunsu sun tsaya kare garuruwansu a Adamawa da Borno. Kalmomin suna nan a bakinmu: tsirkiya, kyauro, kwari, dafi. Amma bindigar toka da ta zamani suna maye gurbin baka a hannun matasan maharba, dattawan da suka san aikin kuma suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Amurkawa sun yi sa'a likita guda ya zauna gaban Ishi da takarda da alƙalami kafin ya rasu. Mu namu masanan suna raye, a ƙauyukan da mota ke zuwa.

Kirana ga sassan Hausa da na tarihi a jami'o'inmu, daga Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo har Abdou Moumouni ta Yamai, da masarautun da ke naɗa Sarakunan Baka: a tura ɗalibai su zauna gaban dattawan nan. A rubuta wane itace suke sara, a wane wata, yaya suke busar da shi, da me suke murɗa tsirkiya, yaya suke gane baka ya nuna. A auna bakunan, a ɗauki hotonsu, a sa matasa su sassaƙa da hannunsu a gaban masu shi. Wanda kuma ya je, kada ya je hannu sake, kada kuma ya saye bakan tsoho ɗaya tilo ya kai birni ya rataye. Ya biya dattijon ladan koyarwarsa, ya sassaƙa nasa, ya kawo masa ya duba.